Out Ne Ko On, Kawu?

Zuru, Litinin

Zuwa ga 'yata Leah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da kuma abin da kike ɗauke da shi. Mu nan lafiya ƙalau.

Bayan haka, albishirinki. Ƙanenki Japhet ya gama horo. Ya zama soja.

Na so ki ji daga bakina, to amma tun da aka lalata ƙarfen sabis ɗinku na Kanya ba a samun ku a waya. Dole na koma ga biro da takarda kamar zamanin da nake bariki. Arzika direba zai miƙa miki wannan hannu da hannu.

Ga yadda aka yi. Yau da hantsi ina zaune a gindin mangwaron ƙofar gida, sai ga kira daga baƙuwar lamba. Mace ce, Turanci take yi, da sauri kamar an biyo ta. Ta tambaya ko ni ne Ebenezer, kawun Japhet. Na ce ni ne, Saje Ebenezer mai ritaya. Sai ta ce, "Japhet passed out at the parade ground this morning. We are with him." Kafin in yi mata godiya layi ya yanke.

Tsohon soja ba ya bukatar tafinta a nan. Passed out, wato an yaye shi, an yi faretin gama horo. Kalmar da muke jira ke nan tun ranar da na raka yaron nan tasha da jakarsa.

Na shiga gida na tarar da uwarki tana tankaɗe, na faɗa mata. Leah, rariyar ta saki a ƙasa ta rangaɗa guɗa. Tun rasuwar mahaifinku ban ji muryar ƙanwata ta haura katanga ba sai yau. Kafin azahar tsakar gida ta cika da mata, har na rasa inda zan ajiye kujerata.

Ga abin da aka tsayar. Za a yi sujadar godiya ranar Lahadi ta sama, ba wannan mai zuwa ba. Fasto ya amince. Zumuntar Mata sun zaɓi anko, uwarki da ƙafarta ta je kasuwa, ba wanda ya riƙe mata hannu. Baƙin bunsurun nan nawa kuma kwanansa ya ƙare.

Na san watanki ya kusa, hanyar kuma kin san halin da take ciki. Ban ce ki zo ba, kada ma ki gwada. Za a soya naki naman a aiko miki.

Ki gaishe da maigidanki. Ubangiji ya sauke ki lafiya.

Kawunki,
Saje Ebenezer mai ritaya


Kanya, Laraba

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ina fata kun tashi lafiya, ku da Mama da duk mutanen gida. Maigidana yana gaishe ku.

Kawu, a tsaye na fara karanta takardarku, a zaune na ƙarasa ta. Allah ya sani na so in yi murna, amma gabana ne ya faɗi. Ku yi haƙuri ku saurare ni, ba rashin kunya ba ce.

Kalmar nan da kuka ji fuska biyu gare ta. Mu a Zuru ɗaya muka sani, don da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Muna tasowa muke jin wane ya yi passing out, an yanka akuya, an kwana ana rawa. Abin da kunnenmu ya saba da shi ke nan. Amma a bakin sauran mutane, musamman ma'aikatan asibiti, idan aka ce he passed out, suma ake nufi.

Kowace shekara sai na koya wa 'yan aji uku wannan. He passed out from hunger, yunwa ta sumar da shi. She passed out when she saw the blood, ta ga jini ta sume. Makon jiya ma a taron safe wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi don zafin rana, shugaban makaranta ya ɗaga murya ya ce, "She has passed out, bring water!" Ba yaye ta aka yi ba, Kawu, ruwa muka yayyafa mata.

Kun ce matar ta ambaci filin fareti. A nan ake yaye kurata, haka ne. A nan kuma suke tsayuwa cikin rana tun safe, ku da kanku kun sha ba mu labarin waɗanda ke zubewa a layi. Ta ce suna tare da shi. Ana zama da mai murna, ana kuma zama da majinyaci.

Japhet ya ce mana faretinsu sai an girbe dawa, kuma za a gayyaci iyaye. Dawa yanzu take fitar da kai. Sannan kun san ɗanku. Yaron da ko ɗan kifi ya kama a rafi sai duk unguwa ta ji, shi ne zai zama soja ya bar wata mace ta yi kira a madadinsa?

Akwai na ƙarshe, hannuna ma ba ya son rubuta shi. Akwai passed on. Shi ne abin da Fasto ke faɗa a sujadar Turanci idan wani ya rasu. Tsakanin out da on babu nisa, balle a waya, balle mai maganar tana sauri. Ana zama da gawa ma, Kawu. Don Allah a wane kunne kuka sa wayar? Na hagun nan da ƙarar igwa ta taɓa, ko na dama?

Ina roƙon ku, a dakata da anko da bunsuru har a sami wanda zai ɗauki lambar nan. Ina tsoro, ba na iya ko cin abinci.

Ku huta lafiya. Ubangiji ya sa ni ce na yi kuskure.

'Yarku,
Leah


Zuru, Juma'a

Leah,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso.

Ban san a shekaruna zan koma aji uku ba. Na gode da darasi, Malama. Sai dai ki sani ina jin Turancin fareti tun uwarki tana tallan gyaɗa. Ni aka yi wa passing out, ba a littafi na karanta ba. Ubanki ma haka. Yunwa da ganin jini da ɗalibarki mai faɗuwa a taron safe, duk wannan Turancin farar hula ne. A bariki kalma ɗaya ma'anarta ɗaya, in ba haka ba da tuni mun harbe juna.

Zan amsa miki bi da bi, ko da yake ba a gaban alƙali nake ba.

Batun girbi. Soja ba ya duba gonar kowa kafin ya sa rana. Idan ana bukatar mutane a daji sai a matso da fareti.

Batun cewa bai kira da kansa ba. Kurtu ba ya riƙe waya, kowa ya san wannan.

Batun kunne. Na dama ne, kuma lafiyarsa ƙalau.

Na ƙarshen da kika ce hannunki ba ya son rubutawa, ai da kin bi shawarar hannun. Soja ba ya aiko da labarin mutuwa ta waya. Kina tsaye a tsakar gida ranar da suka zo da kaki da labarin ubanki suka cire hula a gaban uwarki, kin ga yadda ake yi. Har yanzu ba wanda ya zo ya cire mana hula.

Lambar kuwa na kira. Wani lokaci a kashe take, wani lokaci ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Masu biki ba sa jin waya. Na kuma leƙa gidan Dominic, wanda ɗansa ya tafi tare da Japhet. Su ba a kira su ba tukuna. Mai yiwuwa kashi-kashi ake yaye su.

Yanzu ga umurni, kuma ba zan maimaita ba. Uwarki tana cin abinci, tana barci, jiya har waƙa na ji tana yi wajen wanke-wanke. Kin san abin da likita ya ce game da hawan jininta. Idan kika aiko mata da out da on ɗinki ta faɗi, ke za ki ɗauka. Ba a fasa komai ba. Tela ya riga ya sa almakashi.

Ki kula da kanki, ki ci abinci. Ba ke kaɗai ba ce a jikin nan.

Kawunki,
Saje Ebenezer mai ritaya


Kanya, Asabar

Basira ƙawata,

Gaisuwa mai yawa. Ya shago, ya Inna da ciwon ƙafa? Ki gaishe ta da kyau.

Na san kina cikin masu taya Mama murna, don daga ƙofar shagonki har cikin kicin ɗinmu ake gani. Ki ajiye murnar tukuna. Kalmar da aka faɗa wa Kawu a waya, passed out, tana iya zama Japhet ya gama horo, tana kuma iya zama ya suma. Idan kuma passed on aka ce kunnen Kawu ya juya ta, to ƙanena ba ya duniya. Na rubuta masa, ya yi ƙememe, har da kira na Malama. Amma na san tsohon nan. Duk ranar da ya fara jera magana kamar yana ba da oda, tsoro ne ya kama shi.

Ga abin da nake so. A wurinki yake cajin waya. Idan ya kawo, ki duba kiran da ya shigo masa ranar Litinin da hantsi, ki kwafi lambar. Na san ba halinki ba ne leƙa wayar mutane, alhakin yana wuyana. Ki yi ta kira da taki, safe da rana, har Allah ya sa a ɗauka.

Idan an ɗauka, kada ki yi Turanci, kada kuma ki bari a yi miki. Ki tambaya ina ne nan, wace ce ta kira, ina yaron yake. Ko da Hausar ma kada ki yarda da "ya huta" ko "an gama". Ki ce, yana da rai ko ba shi da rai?

Kada Mama ta ji, kada ta gani a fuskarki. Na san ki da baki, Basira, wannan karon ki ɗaure shi.

Da ina da iko da na hau motar Arzika a yau. Maigida ya rantse ba zan taka hanyar nan da tsohon ciki ba, ni kuma na san yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ina nan ina zagaye ɗaki, ɗan cikin ma ya ƙi kwanciya.

Ina jiran ki. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Leah


Zuru, Talata

Leah tawa,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da nauyi. Inna tana amsawa. Arzika ya ce kin rame har wuya ya fito, don Allah ki daina.

Na yi abin da kika ce, Allah ya yafe mana ni da ke. Na yi ta kira har kunnena ya yi zafi. Jiya da la'asar aka ɗauka. Namiji ne, ga hayaniya a bayansa, ga ƙarar cokali a kofi. Na ce malam ina ne nan? Ya ce, "Hajiya, ni shayi nake sayarwa a bakin asibiti."

Ya ce wata nas ce ta ari wayarsa ran nan, katinta ya ƙare. Doguwa ce mai tabarau, bai san sunanta ba, kuma ya kwana biyu bai gan ta ba. Na ce yaron da aka kawo daga wurin horon soja fa, yana da rai ko ba shi da rai? Ya ce, "Ai suna kawo su, Hajiya. Wasu su fita da ƙafafunsu, wasu a fito da su. Ni ba na shiga ciki." Na roƙe shi ya leƙa mana, ya ce masu gadi ba sa barin kowa ya wuce sai dangi. Iyakar abin da na samu ke nan. Ba biki ba ne dai, wannan kam ta tabbata.

Akwai wani abu kuma, ban san yadda za ki ji shi ba. Yau da safe shago ba kowa, sai ga Baba Saje. Ba caji ya kawo shi ba. Ya tsaya yana ta gyara hula, can ya ce in zagaya bayan shago in kira shi a waya, in faɗi ɗaya daga cikin biyun nan, passed out ko passed on, wanda na ga dama, da sauri irin na 'yan birni. Na zagaya na kira. Na rufe ido na ce, "Japhet passed on." Allah ya sa ba bakina ba.

Na dawo na same shi yana murmushi, wayar tana kunnensa na dama. Ya ce, "Out. Kin gani ko? Ku yaran yanzu kun ɗauka mun kurumce."

Na so in yi shiru, wallahi na so. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, on nic ce."

Ya ce in sake. Na sake zagayawa, wannan karon na ce out. Da na dawo kallona kawai yake yi, yana jira ni in gaya masa abin da ya ji. Daga nan ya zauna a benci, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a shagona ba. Da na ga haka sai na faɗa masa batun mai shayi da asibiti. Bai yi faɗan leƙa masa waya ba. Cewa kawai ya yi in rubuta masa sunan garin da kwatancen asibitin.

Can gida kuwa anko ya dawo daga wurin tela. Mama ta gwada nata ta fito har ƙofa tana juyawa, ta ce, "Basira, ya kika gan ni?" Na ce kamar amarya. Na koma shago na rufe ƙofa na sha kukana.

Ki yi addu'a, ni ma ina yi. Allah ya jishe mu alheri.

Ƙawarki,
Basira


Zuru, Laraba

'Yata Leah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji.

Basira ta ce ta rubuta miki komai, ba sai na maimaita ba. Ban san abin da na ji ba. Tun jiya nake juya muryar matar nan a kaina, yanzu ta ce out, an jima ta ce on.

Gobe da sassafe zan kama hanya. Na ce wa uwarki zan je in taho da shi don ya zauna a gaba ranar godiya. Ta ba ni ƙullin gyaɗa da yaji in kai masa, na karɓa.

Da zarar na gan shi, ko na ga wanda ya gan shi, zan kira Basira. Amma tafiyar da nisa, kuma ban san ko za a bar ni in shiga da wuri ba. Waɗanda na sani a can duk sun yi ritaya ko sun mutu.

Na hana ki faɗa wa uwarki. Har yanzu ina tsoron jininta. Amma ina kuma tsoron ta shiga coci da anko tana rawa a gaban jama'a, alhali ɗanta yana inda ba mu sani ba. Na auna biyun na kasa. Idan Asabar ta yi ba ku ji daga gare ni ba, ke ce babba a ɗakin, ki yanke abin da kika ga ya dace. Na janye umurnin.

Ki sa ni a addu'a.

Kawunki,
Ebenezer


Kanya, Juma'a

Basira,

Na gaishe ki, na gode, ban da bakin da zan gode miki.

Kawu ya bar mini hukunci, ga shi. Idan gobe rana ta take bai kira da labari ba, ki faɗa wa Mama. Ba zan bari ta yi rawa a kan abin da ba mu sani ba. In ta ji daga baya cewa duk mun sani muka bar ta, wannan ne zai kashe ta, ba hawan jini ba.

Ki fara tabbatarwa ta sha maganinta. Ki kira matar Fasto ta zauna kusa da ita. Ki zaunar da ita a tabarma, ba a kujera ba. Kada ki yi kwana-kwana, Mama ba ta son a yi mata magana kamar yarinya. Ki ce kalmar da aka faɗa wa Kawu hanya uku gare ta: ko ya gama, ko ya faɗi, ko ya tafi. Ki ce daga bakin asibiti aka kira, don haka ta farkon ba ita ba ce. Ki ce Kawu yana can yana nema. Ki ce ni na sa ki, idan za ta yi fushi ta yi da ni.

Na ɗora miki abin da ni ya kamata in ɗauka. Ki yafe mini.

Taki har kullum,
Leah


Zuru, Lahadi da safe

Leah,

Gaisuwa. Ina sauri, Arzika yana lodi.

Baba Saje ya kira ranar Juma'a, ya ce ya isa amma an tsayar da shi a ƙofa, wai sai wani babba ya zo ya sa hannu. Tun daga nan wayarsa a kashe. Don haka jiya na yi abin da kika ce.

Na tarar da gidan cike, mata na daka, wasu na gyaran shinkafa, an ɗaure bunsuru a gindin mangwaro. Na ja Mama ɗaki ni da matar Fasto. Da ta ga na shimfiɗa tabarma sai ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba mu sani ba, Mama, abin da na zo faɗa ke nan. Na faɗa mata kamar yadda kika tsara.

Ba ta faɗi ba, Leah, ki kwantar da hankalinki. Ba ta ma yi kuka ba. Ta ce in sake faɗin ukun. Ina faɗa tana lanƙwasa yatsu. Ta daɗe tana kallon yatsun, ta yi wata magana da yarenku wadda ban ji ba, matar Fasto ta sunkuyar da kai. Can ta ce da Hausa, "Su Turawan nan kalmomi ne suka ƙare musu, da za su zuba murna da mutuwa a kwano ɗaya?"

Kafin mu fito magana ta riga ta zagaya, ban san ta yaya ba. Tabare duk sun tsaya, tsakar gida tsit. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wa ya ce ku daina? Ku ci gaba da daka. In yana kwance ne, za a kai masa. In ɗayan ne, masu zuwa gaisuwa ma ba a barin su da yunwa." Aka koma daka, amma ba mai waƙa.

Ankon ta cire ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi. Da yamma na auna mata jini da abin awon Inna, ya hau amma ba can ba. Ta ce in gaya miki ba ta yi fushi da ke ba. Yayanta ne za su haɗu.

Yanzun nan ta wuce coci da tsohon zaninta na gida. Ta ce wa Fasto a bar godiya tukuna, a yi roƙo. Ina jin ƙararrawarku daga nan. Ni ina shago, na ƙi karɓar cajin kowa, waya tana kan cinyata.

Allah ya sa takarda ta gaba ta fi wannan daɗi.

Basira


Litinin

'Yata Leah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ke faɗa ta waya, Basira ke rubutawa.

Yana da rai.

Na gan shi, na taɓa shi. Suma ya yi a filin fareti, zuciyarsa ce. Likita ya ce zai tashi, amma ba zai koma horo ba. Za su sallame shi, zan taho da shi gida.

Na sami nas ɗin. Out ta ce. Kunnena ya ji daidai, kaina ne bai ji ba. Duk kwanakin nan yaron yana kwance yana kallon ƙofa, mu muna can muna ɗinkin anko.

Da ya gan ni bai gaishe ni ba. Ya juya fuska bango ya ce, "Kawu, an gaya wa Mama na faɗi a gaban mutane? An gaya mata ba zan zama soja ba?" Ya ce shi ba zai iya shiga Zuru da rana ba.

Na kira Basira ta kai wa uwarki waya, na faɗa mata duka, har batun sallamar. Sannan na sa masa a kunne, na matso don in ji da nawa. Ba ta ce masa komai game da soja ba. Cewa ta yi, "Japhet, me kake iya ci? Tuwo ko kunu?"

Ni na amsa masa, na ce kunu.

Ki ci abinci yanzu, 'yata. Ubangiji ya sauke ki lafiya.

Kawunki,
Ebenezer